Wutar da Ta Ƙi Zama Bayan Tafiyar Baba Mai Wanki

Ni mai gyaran firigo ne, wato firij, kuma da na tsaya iya firigo da ban ɗauki alhakin kowa ba. Sai dai a Damagaram, da zarar an gan ka da jakar kile, wato sifana, da na'urar auna kuran, wato wutar lantarki, duk abin da ke da waya a gindi ya zama naka: fanka, injin markaɗe, rediyon da ya yi shiru tun kafin a haife ka. Ni kuma Allah ya yi ni da wani ciwo, ba na iya cewa ban sani ba. Kalmar takan zo har maƙogwaro sai ta koma.

Akwai wata Hajiya, ƙawar mahaifiyata, mai wani ɗan otel da mijinta ya rasu ya bar mata. Ta san ni tun ina yawo ba wando, saboda haka duk girman da nake ji da shi a gari ba ya aiki a gabanta. Mushe take ce mini, wato malam da Faransanci, don na yi shekara biyu a lakwal, makarantar boko, ina koyon aikin sanyi, kuma yadda take jan kalmar kai ma ka san ba yabo ba ne. Wata shekara a ƙarshen damina ta aiko a kira ni. Na tarar kaminyo, babbar motar kaya, ya sauke wani ƙaton abu a tsakar gida, ya fi ni tsawo, da ƙofa zagayayya kamar bakin randa. Injin busar da tufafi ne, na hannu, an taho da shi daga Kwatano, kuma da gaz yake aiki.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Garin da za ka shanya babbar riga, kafin a zuba shayi na biyu ta bushe, shi ne za a kawo wa injin shanya? Hajiya ta bar ni na gama, sannan ta sa aka ciro sarbeti ɗaya, tawul ɗin goge jiki, daga igiya ta miƙo mini. Ya sandare kamar kilishi. Ta ce mutanen proje, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke sauka wurinta, suna ƙorafi, wani ma ya ce in ya goge fuska ji yake kamar an yi masa aski.

"In ka gama washe bakin, Mushe, ka haɗa mini shi kafin Juma'a," in ji ta.

Takardar da ta zo da injin ba da Faransanci aka rubuta ta ba, wani harshe ne mai ɗigo-ɗigo a kan baƙaƙe, sai na bi hotuna. Na fasa bango na fitar da bututun iska, na jera manyan butalan gaz biyu a waje, na ja kuran. Hoton ƙarshe ya nuna wani dogon ƙarfe da ake kafawa a ƙasa a ɗaura masa waya mai kore da rawaya, abin da muke ce wa ter. Na zagaya bayan bangon ɗakin wanki, gindin wani dogon yaro, na fara bugawa. Kamu ɗaya ya shiga sai na ji ƙau, dutse. Wanda ya san garinmu ya san ƙasar mayafi ce kawai a kan dutse. Na gusa, ƙau. Na sake gusawa, ƙau. Rana ta yi, cikina ya fara kira, sai na ɗauko zarto na yanke abin da ya rage a sama, na ɗaura wayar, na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Guntun kuwa na kai gida na yi wa ƙofar akurkin kaji sakata da shi.

Yadda injin nan yake kunna wutarsa abin kallo ne. In ka danna buto, wato maɓallin kunnawa, gangar ta fara juyawa, fanka ta ja iska, wani ɗan faifai ya ɗaga ya shaida cewa iska na tafiya. Sannan wani akwati da bai fi sandar sabulu ba, wanda shi ne mai hankalin gidan, ya sa buji mai ƙyasta wuta ya yi tas-tas-tas, ya buɗe wa gaz hanya, wuta shuɗiya ta tashi fuu. A cikin wutar akwai wani siririn tsinke na ƙarfe, aikinsa kawai gulma: shi ke faɗa wa akwatin cewa wuta ta kama. In akwatin bai ji daga gare shi ba, sai ya rufe gaz don kada gida ya tashi. Ya gwada sau uku, in bai gamsu ba ya kunna jar fitila ya yi fushi. Ranar da na haɗa shi kuwa, bugu ɗaya ya kama. Sarbeti ya fito da laushi har Hajiya ta manta ta kira ni da sunana na gaskiya.

Mai wankin otel ɗin wani dattijo ne mutumin Tirmini, kowa Baba yake ce masa, har Hajiya. Tun zamanin mijinta yake nan. Da safe zuwa la'asar yana otel, da yamma da ranakun hutu kuma yana wankin mutanen gari a ƙofar gidansa a unguwar Kara-Kara. Rabin Birni shi ke wanke musu kaya, har da gidanmu. Bai taɓa nuna ƙiyayya ga injin ba, Baƙo yake ce masa. In ya loda masa zannuwan gado sai ya ɗan bubbuga ƙofar ya ce, "To Baƙo, ga naka." Daga nan ya zagaya bayan bango inda inuwa take, ya yayyafa ruwa ƙasa ta yi sanyi, ya shimfiɗa tabarmarsa. A nan yake alwala, a nan yake kuskure bakin goro. Ban da shi ba mai zubar da ɗigon ruwa a ƙasa a gidan nan, don famfo yakan yi kwanaki bai ce uffan ba. Ruwan wanki ma a duro ake tarawa a kai wa itatuwan lemo da ke can gaban gida.

Haka aka yi ta tafiya har shigowar bazara, lokacin da Hajiya ta ƙaro injin wanki. Ta kira Baba ta ce ya tsufa, ya je ya huta, ta sallame shi da mutunci, da turmin shadda da addu'a. Bai ji daɗi ba, amma ya haƙura, tunda yana da mutanensa na gari.

Kwana uku da tafiyarsa aka kira ni. Na danna buto, tas-tas-tas, wuta ta kama kyakkyawa, na juyo zan ce ai ga shi lafiya lau, sai na ji ɗif. Ta mutu. Ta sake kamawa, na ƙirga biyar, ta mutu. Na uku ma haka, sai jar fitila.

Na ce gaz ne. Aka sauya butali, ba canji. Na ce ɗan ƙarfen da ke rage ƙarfin gaz ne a kan butalin, aka sayo sabo, ba canji. Na kwance tsinken gulmar nan na goge shi da takardar yashi har ya yi ƙyalli. Na gyara tazarar buji. Na zura hannu cikin bututun iska na zaƙulo audugar da za ta cika matashi biyu, da wani ƙadangare da ya bushe da bakinsa a buɗe. Na ɗaga shi sama kowa ya gani, na ce ga ɓarawon. Mai dahuwar otel ɗin, wata mata mai baki kamar rediyo, har guɗa ta yi. Aka danna buto, biyar, ɗif.

A kwana na huɗu na ce akwatin ne ya mutu. Hajiya ta sa aka nemo wani a Kano, ya iso bayan sati, na ɗaura. Sabon akwati ya yi tas-tas-tas irin ta tsohon, ya yi fushi irin na tsohon. Na laɓe a bayan mota na buga wa maigidana na da, wanda ya koya mini aiki, yana Yamai. Na kwashe labari na faɗa masa, ya ce, "Ka duba ter?" Na ce, "Haba maigida, ni na kafa ta da hannuna." Ban yi ƙarya ba, kuma ban je na duba ba. A kaina ter abu ne na kada kuran ya ja mutum, me ya haɗa ta da wutar gaz?

Na koma na tarar da Hajiya a kan kujera a ƙofar ɗakin wanki, mai dahuwa na tsaye a bayanta, zannuwan gado sun koma kan igiya.

"To Mushe, yau kuma wane ne ɓarawon? Ko a nemo maka wani ƙadangaren?"

Kalmar nan ta zo maƙogwaro. Wallahi ta zo, na ji ta. Amma sai na goge hannu a tsumma a hankali, na kalli injin, na girgiza kai irin na wanda ya ga abin da ba kowa ke gani ba, na ce, "Ranki ya daɗe, duk abin da ƙarfe ke so na yi masa. Wannan ba aikin ƙarfe ba ne."

Ban kama sunan kowa ba. Na daɗe ina faɗa wa kaina haka, kamar wani abin kirki ne. Mai dahuwa ce ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha! Ai tun ranar da Baba ya bar gidan nan." Ni kuma na ci gaba da goge hannun da ya riga ya goge.

Hajiya ba mai saurin yarda da irin wannan ba ce, amma baƙi na ƙorafi. Ta aika aka ce wa Baba ya zo su gaisa. Ya zo da hantsi cikin sabuwar shaddarsa, yana murna an tuna da shi. Aka ba shi fura, aka yi ta hira ana satar kallonsa. Zafi ya taso, ya zagaya wurinsa na da, ya yayyafa ruwa bokiti guda don wurin ya yi ƙura, ya kishingiɗa. Azahar ta yi, ya yi alwala, ya yi salla. Da ya shigo yin sallama Hajiya ta ce, kamar da wasa, "Baba, ba ka gaisa da Baƙonka ba." Ya yi dariya ya bubbuga ƙofar injin ya ce, "Baƙo, kana lafiya?" Hajiya ta yi mini ido, na danna buto.

Wuta ta kama. Na ƙirga biyar, na ƙirga goma, na ƙirga hamsin. Tana nan tana ruri abinta. Mai dahuwa ta ja da baya har ta taka kwanon fura. Ni kaina sai da na fara tunanin ko dai ni ma ina da gani ban sani ba. Baba kuwa cewa ya yi, "Ai ga shi lafiyarsa lau," ya yi sallama ya tafi.

Washegari da yamma injin ya koma gidan jiya. Aka sake kiran Baba, ya zo, ya yi zamansa a inuwa, ya yi sallarsa, wuta ta zauna. A zuwa na uku ne mai dahuwa ta kasa riƙe bakinta. Ta durƙusa a gabansa da kofin shayi ta ce, "Baba, don girman Allah ka kwance shi gaba ɗaya mana. Wannan kwancewar ta kwana ɗaiɗai tana wahalar da mu." Ya dube ta, ya dubi Hajiya, ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane. Ya ajiye kofin bai kurɓa ba, ya sa takalmansa, ya fita. Daga ranar ko an aika ba ya zuwa.

Na ci gaba da zarya a otel ɗin, ina kwance abin da na riga na kwance. Wata rana azahar ta riske ni a can, rana kamar za ta fasa kai, na ɗauki buta na nemi inuwa, ba inuwa sai gindin dogon yaron. Na tsuguna ina wanke ƙafa, sai na ga ruwan yana bin wani ɗan rami yana shigewa. Na tona da yatsa. Kan ƙarfena ne, da wayarsa mai kore da rawaya, yana leƙo ni. Na zauna daɓas a ƙasa.

Da na idar da salla na ciko bokiti na juye a wurin, na shiga na danna buto. Wuta ta kama ta zauna. Mai dahuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Kai ma?"

Na sake buga wa maigidana, wannan karon na faɗi tsawon ƙarfen. Ya zage ni na minti biyar cikin harshe biyu, sannan ya yi mini bayani. Tsinken nan ba da baki yake gulmarsa ba. Wani ɗan kuran ne mitsitsi ke ratsa wutar ya shiga jikin injin, kuma a irin haɗin wayoyinmu sai ya bi ta ƙasa kafin labari ya koma wa akwatin. Ƙarfe kamu ɗaya a busasshiyar ƙurar bazara daidai yake da babu. Da damina ƙasa na da laima. Bayan damina kuwa, wata da watanni, butar Baba ce ke riƙe da otel ɗin. Washegari na kawo masu haƙa suka fasa rami mai zurfi a inda dutsen ya yi sassauci, na kafa cikakken ƙarfe, na zuba gawayi da gishiri, na jiƙa, na rufe. Injin bai sake fushi ba.

Da na tsaya na faɗi gaskiya a ranar, da abin ya zo da sauƙi. Amma mai dahuwa ta ga ana binne gawayi da gishiri a rami, ni kuma ina tsaye a kai ina nuni da yatsa. Kafin magariba labari ya kai kasuwa cewa na tono abin da aka binne na karya shi. Aka fara gaishe ni da hannu biyu. Wani mutum daga Droum ya zo har shago da injin ban-ruwa, ya ja ni gefe ya ce yana zargin ƙanen matarsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin. Kwana biyu ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike.

A kwana na uku da safe na nemi farar rigata, na tarar da ita da wani irin wanki na gida, wuyan bai fita ba. Na tambayi matata ko Baba ba shi da lafiya ne.

"Wane Baban?" in ji ta. "Ai mun daina kai masa tun tuni. Kowa ma ya daina. Wa zai ba mai irin wannan hannu rigar da ya yi gumi a ciki? In ƙarfe ma bai tsira ba, ina ga mutum?"

Na ce wa ya ce yana da wani hannu?

Ta dube ni da mamaki. "Kai mana. Ba kai ka gano ba?"

Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba. Ban karya kumallo ba na tafi otel, na tara Hajiya da mai dahuwa da duk wanda ke gidan. Na cire wayar ter, na danna, wuta ta mutu. Na mayar, ta zauna. Na yi haka sau uku. Na faɗi labarin dutse da zarto, har da akurkin kaji. Na ce ban san abin da ke damun injin ba tun farko, kuma kunyar faɗa ce ta sa na faɗi abin da na faɗa. Hajiya ba ta ce Mushe ba, ta tashi ta ɗauko mayafinta ta ce a kira mata adaidaita zuwa Kara-Kara. Mai dahuwa kuwa ta yarda, amma na ga alamar labarin bai yi mata daɗin bayarwa kamar na farko ba. Wa zai tsaya a bakin rijiya ya saurari zancen waya mai kore da rawaya?

Na koma gida na sa matata ta tattaro kayan wanki kaf, nawa da nata da na yara, har ƴan ciki. Ta ɗaure su a zane, ƙullin ya yi kusan girman buhun gero. Ta ce in tsayar da kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, na ce a'a. Na ɗora a ka, ni da nake da shago da suna, na fita da tsakar rana a ƙasa. Duk wanda na gani sai na tsaya na gaishe shi, ko ban san shi sosai ba, in ya kalli ƙullin in ce, "Wanki zan kai wa Baba." Masu shayi suka yi dariya. Wani ya ce ko matata ta yi yaji ne. Na ce a'a, wanki zan kai wa Baba. Kafin in isa wuyana ya ƙage, gumi ya jiƙa ni har gwiwa.

Na same shi zaune a ƙofar gida, Hajiya ta riga ta zo ta tafi. Igiyoyinsa uku na shanya suna nan a ɗaure, ba ko ƙyalle a kai. Na sauke kayan, na tsuguna, na gaishe shi, na fara bayanin ƙarfe da laima da ɗan kuran da ke ratsa wuta. Ya ɗaga hannu.

"Hajiya ta faɗa mini. Ban gane ba, kuma ba sai na gane ba." Ya dube ni. "Rigar sunanka ni na wanke ta, ka sani? Uwarka ta kawo mini da kanta."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya jawo ƙullin, bai shiga da shi ciki ba, a nan bakin hanya ya kwance shi. Ya riƙa ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya yana karkaɗewa, a hankali, yadda duk mai wucewa zai gani. Da ya zo kan farar rigata ya juya wuyan ya duba, ya yi tsaki.

"Wa ya wanke wannan?"

Na ce a gida ne.

"Ka zo jibi," in ji shi, ya miƙe ya shiga neman sabulu, don wanda ke bakin randa ya tsattsage saboda daɗewa.

Da na dawo jibin, igiya ɗaya ta cika da kayanmu, ta biyu akwai zannuwa huɗu na wata maƙwabciyarsa. Ta ukun har Baba ya koma Tirmini ban ƙara ganin komai a kanta ba.